Kuɗin Goro: Ikilisiya da Shari'a bisa ga Kama a Tarihin Ƙasar Birnin Gwari

A cikin labarin Bayajidda da ake koya wa yaranmu a firamare, an kasa ƙasashe kashi biyu, Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Gwari tana cikin kashi na biyu, tare da Nupe, Yawuri, Kabi, Zamfara, Kwararrafa da ƙasar Yarabawa. Sunan da mutanen suke kiran kansu da shi Gbagyi ne, ko Gbari, amma wanda maƙwabta suka laƙaba musu shi ne ya yi saiwa a harshen Hausa. Idan yaro bai iya magana sosai ba, sai mu ce yana gwaranci. Idan mutum bai waye da wani abu ba, sai a ce bagwari ne. Masu wa'azi da yawa suna furta waɗannan kalmomi a kan bagade, alhali a bencin gaba akwai dattijon Gbagyi yana sauraro. Birnin Gwari, wadda a yau masarauta ce ta Musulmi masu magana da Hausa, tana ɗauke da wannan suna, don haka wuri ne mai kyau da za mu tsaya mu duba yadda ake yi wa jama'a kuɗin goro, da abin da hakan ya sha jawowa.

A ƙarni na 19 raini irin wannan yana da farashi a kasuwa. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora, ɗansa Ibrahim kuma ya yi ta kai hare-haren kamun bayi cikin ƙasashen Gbagyi da Kamuku, har Turawa suka ci Kontagora da yaƙi a 1901. Malaman jihadi sun hana a bautar da Musulmi ɗan halas, amma mahayin da ya faɗa wa ƙauye da asuba ba ya da lokacin bincike. Tsagar fuska yake dubawa, da sutura, da irin Hausar da ta fito daga bakin mutum. Wannan ya sa ƙauyuka da yawa suka koma kan duwatsu da cikin kurmi. Matan Gbagyi suna ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka, har wannan ma ya zama abin ba'a. Daga cikin matan nan ne Ladi Kwali ta fito, maginiyar tukwane da hotonta yake a bayan takardar naira 20.

Da a ce masu bishara sun iso da idon da ya fi wannan tsabta, da labarin ya yi daɗin faɗa. Samuel Ajayi Crowther shi ma yaro ne da aka kama bawa a ƙasar Yarabawa a 1821. Jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, aka sauke shi a Saliyo. Ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da J. F. Schön, wanda ya ba da shekarunsa ga nazarin Hausa. Ya fara aikin mishan na Kwara a 1857, aka kuma keɓe shi bishof a Kantabari ranar 29 ga Yuni, 1864, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan matsayi a cocin Angilikan. Tun kafin keɓewar, Henry Townsend, ɗan mishan na Abeokuta, ya ƙi yarda Bature ya yi aiki a ƙarƙashin Ɗan Afirka. Crowther bai tsaya jayayya ba. Ya yi ta zirga-zirga a kogi, ya ƙulla zumunci da Etsu Masaba na Bida, yana tattaunawa da malaman Musulunci cikin ladabi, da Littafi Mai Tsarki a hannunsa.

A 1890 wasu samari daga Ingila suka iso Lokoja a ƙarƙashin ƙungiyar CMS, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suna gaba. Burinsu shi ne su kai bishara ƙasar Hausa. Sun ajiye kayan Turawa suka sa riga da rawani, suka ce ba sa bukatar kariyar gwamnatin Ingila. Himmarsu ta gaskiya ce, sun kuma biya ta da rayukansu: Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. Amma sun zo da ma'auni a zuciya. A ganinsu, Bahaushe mai riga da karatu da birni mai ganuwa ya fi daraja, ma'aikatan Afirka kuwa da suka taso daga Saliyo, masu kwat da takalmi, 'yan kwaikwayo ne kawai. Akwai laifofi na gaske a tsakanin wasu ma'aikatan, Crowther ma dattijo ne mai sanyin hali wajen horo. Sai dai samarin ba su ware mai laifi daga marar laifi ba. A taron kwamiti da aka yi a Onitsha a watan Agusta 1890, suka dakatar da ma'aikata a gaban bishof ɗinsu, har da ɗansa, Akidikin Dandeson Crowther. Tsohon da ya haura shekara tamanin ya zauna yana ji samarin da ya yi jika da su suna rushe aikinsa. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Aka maye gurbinsa da Bature, aka kuma yi kusan shekara 60 kafin wani Ɗan Afirka ya sake riƙe dayosis a ƙasar nan. Sai a 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓewarsa, Akbishof Justin Welby ya furta tuba a madadin cocin Ingila.

Abin lura a nan shi ne, Brooke da Robinson sun yi kuskure sau biyu da ma'auni guda. Sun raina wanda yake ɗan'uwansu cikin Almasihu saboda fatarsa da kwat ɗinsa, sun kuma zaci rawani zai buɗe musu ƙofar da ba ta buɗu ba. Ko a 1900, da Bishof Tugwell da Dakta Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu korar su ya yi. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, aikin ya koma Wusasa a 1929, ya kuma ba da 'ya'ya masu daraja, amma girbi mai yawa ya fito ne daga cikin waɗanda kowa ya raina: Gbagyi, Ham na Kwoi, mutanen Kagoro, Bajju, Atyap, daga baya kuma Maguzawa. Yawancinmu da muke karatu a makarantun tauhidi a yau jikokinsu ne. Mun san ɗacin kalmar arne.

Saboda haka ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan cuta sa'ad da ta sake sabon suna. A dajin Birnin Gwari sabon sunan shi ne Bafulatani.

Ba za mu rage kome daga abin da ya faru ba. A watan Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum fiye da 20, da yawansu a masallaci. A 2015 gwamnonin jihohin da suke kewaye da dajin Kamuku suka haɗa kuɗi don a fatattaki ɓarayin shanu. A watan Maris 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka, a watan Mayu kuma aka karkashe mutane a Gwaska, fiye da 40. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar sojoji. A damunar 2022 mutanen Damari suka kwashe 'ya'yansu suka bar gari da gonaki. Gaskiya ne yawancin masu riƙe da bindigogin nan Fulani ne. Gaskiya ne kuma garkunan da aka fara kwashewa a dajin na Fulani ne, kuma makiyayi da yawa ya rasa shanunsa a hannun ɓarayi, sa'an nan ya rasa ɗansa a hannun 'yan sa-kai a kan hanyar kasuwa, ba don an gan shi da laifi ba, sai don sanda da malafa da siririn hanci. Duk wanda ya bi tarihin Zamfara ya san kisan da aka yi wa irin waɗannan ya ƙara wa daji mayaƙa. Mutanen Dogon Dawa da Gwaska da Damari kuwa, galibinsu Musulmi ne. Ya kamata mai wa'azi a Kafanchan ko Sabon Tasha ya san wannan kafin ya gaya wa jama'arsa cewa duk Musulmin arewa bakinsu ɗaya da 'yan bindiga.

Damari ta kuma nuna ɗaya gefen. 'Yan Ansaru, waɗanda suka ɓalle daga Boko Haram a 2012, ba su fara shiga ƙauyukan gabashin Birnin Gwari da harbi ba. Da wa'azi suka shiga, da kyauta, da alkawarin kare mutane daga ɓarayin daji. Mutumin da gwamnati ta bari shi kaɗai, ba abin mamaki ba ne in ya ba su ruwa. Daga baya suka fara kafa dokokinsu, har da hana harkar siyasa, garin kuma ya zama fagen faɗa. Idon da yake kashe marar laifi saboda kamanninsa, shi ne dai yake buɗe wa kyarkeci ƙofa saboda kyan tufafinsa.

Littafin Mahukunta sura 12 yana ba da labarin da ya kamata kowane fasto a Kaduna ya yi wa'azi a kai. Mutanen Gileyad suka tsare mashigin Urdun, suna sa kowane mai wucewa ya furta kalma guda. Wanda harshensa ya karkace, an gane Ba'ifraime ne, sai a yanka shi. Mutum 42,000 suka mutu, dukansu kuwa zuriyar Yakubu ne. Waɗanda suka ga rikicin Kaduna na Fabrairu 2000 sun san irin wannan shinge a ɓangarorin kogin biyu, inda suna ko riga ko aya guda take yanke wa mutum hukunci. An sake yin haka a hanyar Rukuba a Jos a watan Agusta 2021, aka kashe matafiya Musulmi fiye da 20 da suke dawowa daga Bauchi. An kuma yi a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suke hanyar komawa Kano yin Salla, bisa zaton masu garkuwa da mutane ne. A wurare irin waɗannan akwai majami'u a kowace unguwa. Wannan tambaya ce a kan almajirantarwarmu.

Annabi Sama'ila kansa ya kusa zuba wa Eliyab mai saboda tsayinsa, sai da Ubangiji ya tsai da shi (1 Sama'ila 16). Bitrus ya yi shekara uku tare da Yesu, ya ga Fentikos, duk da haka sai da aka nuna masa wahayi sau uku kafin ya taka gidan Karniliyus, bayan haka ma ya sake janye jiki a Antakiya har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Wannan yana nuna cewa ƙyamar da aka sha a nono ba ta fita da baftisma kaɗai, sai da koyarwa da tsautawa. Yaƙub sura 2 ta kira nuna bambanci zunubi kai tsaye, misalin da ta kawo kuma na wurin zama ne a cikin sujada.

Wani zai ce, to Malam, mu bar ƙofa a buɗe ke nan? An sace ɗalibai 121 a makarantar Bethel Baptist a watan Yuli 2021, an sace fastoci, an kashe wasu bayan an karɓi kuɗin fansa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Tsoron nan ba zunubi ba ne, tsaro kuma hakki ne a kan makiyayin garke. Tambayar ita ce a kan me aka kafa tsaron. Idan a ƙofar majami'a ana binciken mai doguwar riga da hula, a bar mai kwat ya wuce, an gina shingen Gileyad ke nan a ƙofar gidan Allah. A bincika kowa, har da dattijon ikilisiya da matar fasto. Akwai masu bi Hausawa da Fulani da danginsu suka kore su saboda Almasihu, suka zo wurinmu, muka sa musu ido kamar 'yan leƙen asiri. Kama da wane ba wane ba ne. Na sha jin shugabanni suna cewa a jira a ga ko tubansu na gaske ne, amma ban cika jin an sa wa ɗan ƙabilarmu irin wannan sharaɗi ba.

Ikilisiyar Urushalima ta ji tsoron Shawulu, tana kuwa da dalili, domin hannunsa yana cikin jinin Istifanas. Barnaba bai ce musu su rufe ido ba. Ya kawo shi gaban manzanni, ya ba da shaidar abin da mutumin ya yi a Dimashƙu. An karɓe shi a kan aikin da aka gani, wani kuma ya ɗauki kasadar tsaya masa. Haka Liman Abubakar Abdullahi ya yi a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi ranar 23 ga Yuni, 2018, ya ɓoye mutum 262 a masallaci da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Yana da shekara 83 a lokacin. Da wannan dattijo ya ratsa wasu unguwanninmu da gemunsa da rawaninsa a wannan makon, da wuya ya fita da rai.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi waɗanda aka ce sun ajiye makamai, ya kuma sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu suna da hakkin tambayar ina adalci, ikilisiya kuma ya kamata ta taya su tambaya. Amma ma'aikacin da za a aika wannan yanki zai tarar da mai laifi da wanda aka zalunta a kara guda, da malafa iri ɗaya, suna cinikin sa. Zai bukaci ya koyi gaisuwa da Fulatanci, ya san ardo da sunansa, ya san wace ruga aka kwashe wa shanu da shekarar da aka kwashe su.