Tsakanin Rama da Rage Ƙiba

Bahaushe idan zai ce mutum lafiyarsa lau, sai ya ce yana cikin ƙoshin lafiya. Ƙoshi kuwa na mai cin abinci ne, wanda ya ci har ya ture kwano, kuma daga tushensa aka sami ƙosasshen rago da ƙosasshen yaro. Tun a bakin magana ke nan lafiya da cikar ciki suke tafiya tare. Duk wanda likita ya ce wa ya rage jiki, da wannan zai fara karo kafin ya kai ga malmalar tuwo.

Dubi yadda muke yabon wanda ya ƙaru. Ya yi jiki. Ta murje. Yaro ya yi ɓul-ɓul. Hutu ya karɓe ta. Ko tumbi, wanda asalinsa wani sashe ne na kayan cikin dabba da ake saya wurin mahauta, idan ya fito a gaban magidanci sai a ce ya ajiye tumbi, da kalmar nan ta ajiya da ake yi wa kuɗi da hatsi. Teɓa ce kaɗai ke da ɗan ƙaiƙayi a kunne, domin ita ƙiba ce da ta saki, mai lilo idan ana tafiya, sai kuma lukuti da yara ke tsokanar juna da shi.

Ɗaya ɓangaren ya fi yawan kalmomi, kuma babu mai daɗi a cikinsu. Ya rame. Ya faɗa. Ya zabge, ya tsotse, ya bushe, ya lalace, duk ya ƙare, saura ƙashi da fata. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da mutum ke yi da niyya. Samunsa suke yi, ta dalilin ciwo, ko yunwa, ko baƙin ciki, ko zaman gidan da babu kwanciyar hankali. Da cutar nan mai karya garkuwar jiki ta iso ƙasar Hausa, daga cikin wannan jeri aka ciro mata suna, aka ɗauki ƙanjamewa aka ce ƙanjamau. Mutanen Yuganda ma haka suka yi a tsakiyar shekarun 1980, suka kira ta silim, wato ciwon sirancewa. Daga nan rama ta ƙara samun tabo, ta zama abin da ake yi wa raɗa a bayan ido.

Ban ga laifin harshen ba. Mutanen da kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, iyayensu suka ga farin 1973 da na 1984, su kansu suka ga abin da ya faru a yankin Maraɗi a 2005, ba za su rasa dalilin tsoron ƙashin wuya ba. Har gobe tamowa tana kwantar da yara a Katsina da Damagaram. Harshe ya adana abin da ya fi kashe mutane a lokacinsa. Sai dai yanzu a cikin gida ɗaya za ka iske jika mai tamowa da kaka mai ciwon suga da hawan jini, kuma kalmomin da muka gada ɗaya kawai suka sani daga cikin biyun.

Ga yadda abin yake a aikace. Mace ta yi wata huɗu tana kiyaye abin da likita ya gaya mata, ta daina lemon kwalba, ta rage shinkafa, tana tattaki bayan sallar asuba. Gwiwarta ta daina ciwo, sugan ya sauka. Ta shiga gidan biki, sai gwaggonta ta kama damtsenta, ta juya ta gefe, ta sassauta murya: "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Duk kin faɗa. Ko wani abu ne tsakaninki da maigidan?" Ta ce, "A'a Gwaggo, lafiya lau, ni ce nake ragewa." Gwaggo ta ce, "Ragewa kamar yaya? Mutum da jikinsa?" Kafin a watse an cika mata faranti sau biyu, kuma ƙin ci zai zama raini. Gwaggo ƙauna ce ta sa ta magana. Kalmar da za ta yaba da ita ce babu a bakinta.

Mafi munin shaida a kan wannan shi ne sunan da aka raɗa wa ƙwayoyin sa ƙiba: sha-ka-fashe. Sunan da kansa gargaɗi ne, amma bai hana 'yan mata da amare saye ba. Yawanci abin da ke ciki deksametason ne, maganin da likitoci ke bayarwa don kumburi da asma, ko sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki. Na farkon yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi idan aka daɗe ana sha. Abin da ya kamata a kira kumburi sai a kira shi ƙiba, a yi wa mai shi barka.

To, sababbin kalmomin fa? Rage ƙiba da rage nauyi ana musanya su a rediyo kamar abu ɗaya, alhali akwai tazara. Nauyi ya haɗa ƙashi da tsoka da ruwa da abin da ke cikin hanji. A wannan tazarar masu shayin rage ƙiba suke cin kasuwa, domin da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa, aikinsa sa gudawa. Sikeli zai nuna an sauka kilo ɗaya ko biyu, ruwa ne ya fita, kitsen yana nan inda yake.

Narkar da kitse kuma, wadda ake rubutawa a jikin robobin magani, tana sa mutum ya ɗauka kitse na narkewa ne ya bi fitsari ko gumi. A 2014 wasu masana biyu a Ostareliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka yi lissafin inda kitsen yake zuwa: a cikin kilo 10 da jiki ya ƙona, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da muke fitarwa, sauran 1.6 ne ke zama ruwa. Saboda haka sa rigar leda a shiga rana don a yi gumi wahala ce kawai. Rage tumbi ma tana da nata ruɗin. Jiki ba ya ɗibar kitse daga inda aka matsa masa, daga ko'ina yake ɗiba, don haka ɗamarar ɗaure ciki ba ta cire komai.

Ga tsarin cin abinci ba mu da suna tsayayye. 'Yan boko a Kano da Kaduna suna cewa dayet, a Yamai da Maraɗi a ce rejim. Ta farkon asalinta kalmar Girkanci ce da ke nufin yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa gaba ɗaya, daga baya ta ƙanƙance ta koma horon 'yan makonni da ake jira ya ƙare. Turawa ma sun yi laluben suna. A 1863 wani mai sana'ar jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi kan yadda ya rage jiki ta barin sukari da burodi da dankali da giya, har sunansa ya zama kalmar yin hakan a Ingila. Ni dai na fi son tsohuwar kalmarmu, cima. Cimar mutum ita ce abin da ya saba ci kullum, kuma gyara cima magana ce da ba ta da ranar ƙarewa. Tana barin tuwon dawa da miyar kuka da wake da zogale a wurinsu, ta tambayi yawan man da aka kwarara, da girman malmala, da cokali nawa na sukari aka zuba a koko. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitacin tsaba ko furotin ɗin nama 4, shi ya sa ludayin man ja ɗaya yake da tasirin da ido ba ya gani.

Motsa jiki suna ne da ya yi dace, domin bai nemi kuɗin shiga jim ba. Kakanninmu ba su buƙace shi ba. Daka da surfe da jan guga da noma da tafiya kasuwa a ƙasa, sunansu aiki. Sai da injin niƙa da babur da adaidaita-sahu suka ɗauke aikin aka nemo wa motsin suna. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan hau.

Akwai gurbi ɗaya da har yanzu ba mu cike ba. Likitoci suna da ma'aunin BMI, wanda ya samo asali daga lissafin Adolphe Quetelet na Beljiyam, Ancel Keys kuma ya ba shi wannan suna a 1972. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ya shiga matakin da ake ɗauka cuta. Mai tsawon mita 1.70 da kilo 90 yana kan 31. Hausa duka biyun ƙiba take ce musu, da kalmar da take yabon jariri. Kuma abin da ake nema wurin irin wannan mutum bai kai yadda ake tsoro ba. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya sa mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, sai kamuwar ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan kilo shida ne da ɗoriya.

Duk da haka kada a yar da kalmar rama. Wanda jikinsa ke zubewa ba tare da ya canza cima ko ya ƙara motsi ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da zufar dare, wannan ya rame da gaske, kuma asibiti ya kamata ya nufa a gwada suga da tarin fuka. Tambayar da za ta raba shi da mai rage ƙiba gajeriya ce, kowa zai iya yin ta a zaure ko a gidan biki: kai ne kake ragewa, ko ragewa yake da kansa?