Ɗakin Duwatsu na Barnawa da Tarihin da Muke Takawa

Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta gaban ofishin binciken ma'adinai na Barnawa ba mu taɓa leƙawa ba. Sai ranar da muka shiga ɗakin ajiyar duwatsunsa muka gane cewa yana riƙe da tarihin da ya girmi Kaduna nesa ba kusa ba.

A 1919 Turawa suka kafa wannan hukuma, Dokta J. D. Falconer ya zama shugabanta na farko. Daga baya hedikwatarta ta zauna a nan kudancin kogi, aka riƙa kawo samfuri daga ko'ina: kuza daga Jos, kwal daga Inugu.

Abin al'ajabi shi ne ƙasusuwan da suka zama dutse. A 1930, cikin mujallar hukumar, W. E. Swinton ya bayyana wani dodon ruwa da aka tono a lardin Sakkwato. A 1972 aka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ashe inda ake noman albasa yanzu, teku ce shimfiɗe fiye da shekaru miliyan 60 da suka wuce.

Jahilcin dutse kuwa yana da tsada. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta halaka yara kimanin 400 a Zamfara. Don haka muna roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin kai 'yan firamare wannan ɗaki kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.