Waɗanda Suka Riga Mu Aiki a Kano, da Yadda Aikin Ya Bar Hannunsu



Duk wanda ya saba bin titunan Nasarawa G.R.A. a nan Kano ya san tsohon gidan ƙasan nan da ake kira Gidan Ɗan Hausa. Nakan wuce ta wurin in za ni gai da marasa lafiya, na kuma lura yawancin 'yan ikkilisiyarmu, har da waɗanda aka haifa a unguwar, ba su san cewa aikin bishara ne ya fara kawo mai wannan suna ƙasar nan ba. Ina so in ba ku labarinsa da na abokin aikinsa, gama lokacin canjin wurin aiki ya sake zagayowa ga fastoci, waɗansu kuma ritayarsu ta zo, rai ya ɓaci a gidaje da dama. Na ji maganganun da bai kamata su fito daga bakin ma'aikatan Ubangiji ba, kuma ban cire kaina daga ciki ba.

A shekarar 1900 ne ayarin Turawan mishan na C.M.S. ya iso Kano. Su biyar ne. Bishop Tugwell ne shugabansu, a cikinsu kuwa akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda daga baya mutanen Zariya suka riƙa kira Likita Mila. Waɗansunsu sun fara zama a Tarabulus domin koyon Hausa a wurin fatake da alhazai. Sun taso daga Ikko da 'yan dako masu yawa, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, sai suka ɗauka haka za a yi a Kano. Ba su jira izinin Sarkin Kano Alu ba, suka kama hanya. Da aka kai su gabansa a Fanisau, bai sakar musu fuska ba. Ya nuna ba ya bukatar makarantarsu, ya yanka musu 'yan kwanaki su bar masa gari.

Mun saba ba da wannan labari kamar laifin duk na Sarki ne. Ni dai ban ga haka ba. Bahaushe ya ce baƙon da babu sallama mugu ne. Mutanen nan suna da himma, suna da ƙaunar Ubangiji, sun sa ransu a bakin mutuwa, amma sun shiga gidan mutum ba a ce musu bismilla ba, a lokacin da sojan Lugard ke matsowa daga kudu, kowane farar fata abin tuhuma ne. Ƙofar da suka so su buɗe da sauri ta ƙara rufuwa, aka yi fiye da shekara 30 kafin Turawan mishan su sami sararin aiki sosai a ƙasar Kano.

Suka koma Girku, kudu da Zariya. A nan ɗaya daga cikinsu, Claud Dudley Ryder, ya rasu, aka mai da wani gida don rashin lafiya. A Girkun nan ne kuma Walter Gowans na S.I.M. ya rasu tun 1894. Ƙaramin gari, ga kaburburan majagaba na mishan biyu.

Ba da daɗewa ba aka aiko musu da sabon ma'aikaci, Hanns Vischer, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya yi karatu a Ingila. Bai daɗe cikin mishan ba ya ajiye aikin. A 1903 ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno. A 1906 ya ratsa hamada daga Tarabulus har bakin Tafkin Chadi tare da ayari. Yadda ya iya harshe, ya kuma san al'adun mutane, shi ya jawo masa sunan Ɗan Hausa.

To, ga inda labarin yake da zafi. Likita Mila ya sami shiga birnin Zariya a 1905, ya kuma tsara shirin makaranta domin 'ya'yan sarakuna da malamai, har sun yi magana da Lugard a kai. Lugard ya bar ƙasar a 1906, shirin ya rushe. Gwamnan da ya biyo baya, Girouard, ya ga sarakuna ba za su ba ɗan mishan 'ya'yansu ba, sai ya danƙa aikin ilimi a hannun Vischer. A 1909 Vischer ya buɗe makarantarsa a nan Nasarawa, ana koyar da karatun boko da Hausa, da lissafi, da sana'o'in hannu, ba a koyar da addinin Kirista. Watau abin da Mila ya yi mafarkinsa, ƙaramin da ya zo bayansa, wanda ma ya bar mishan, shi aka ba. Duk faston da ya taɓa share fili, ya haƙa harsashi, sa'an nan aka kawo wani ya aza rufi aka yi masa tafi, ya san abin da ke cikin irin wannan.

Akwai waɗanda har yau suke ganin Vischer ya sa hannu ga garma ya waiwaya baya. Ban iya yanke masa wannan hukunci ba. Abin da na sani shi ne, ya zauna cikin gidan ƙasa irin na mutanen gari, ya koyi maganarsu kafin ya ce zai koya musu wani abu, kuma sarakuna sun aiko masa da 'ya'yansu. Rubutun boko da ya taimaka ya kafu, da shi muke karanta Littafi Mai Tsarki a majami'unmu. Ya rasu a 1945.

Shi kuwa Likita Mila, Allah ya ba shi baiwa mai yawa, ya kuma ba shi taurin kai daidai da ita. Ya riƙe yara a gidansa kamar 'ya'yan cikinsa, daga wannan makaranta aka sami mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa. Amma aikin ya zama kamar rigarsa, shi kaɗai ya san inda aljihunta yake. A 1929, da aka matsa a fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, bai so ba ko kaɗan. Matasan ma'aikata, irin su Rabaran Guy Bullen, su suka riƙe sabon wurin. Mila ya dawo Kano, garin da aka kore shi yana saurayi, ya duƙufa a kan fassara. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa.

Ku lura da wannan. Abin da ya fi kowane aiki nasa daɗewa, bayan an karɓe masa wurin da yake ƙauna ne ya kammala shi. Ba kuwa shi kaɗai ya yi ba. Ya zauna da ma'aikatan S.I.M. da na S.U.M., da Hausawa masu gyara masa harshe, aka yi ta gardama a kan kalma ɗaya ɗaya. Da wannan fassara iyayenmu suka yi sujada har aka fito da sabuwa a 1979, tsofaffi da yawa ma ba su yarda sun saki tsohuwar ba har suka koma ga Ubangiji. Wusasa kuma ba ta mutu don ya bar ta ba. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi, a can Farfesa Ishaya Audu ya fara karatu. Mila ya bar C.M.S. a 1935, ya rasu a Bukuru a 1952.

S.I.M. ta ƙofar jinya ta shigo ƙasar Kano. A 1937 aka danƙa mata kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya, haka kuma a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, inda Dokta Douglas Hursh ya yi shekaru yana aiki. Wannan karon an yi sallama, an kuma fara da wanke gyambon da dangi ma suke gudu. Sunayen likitocin suna rubuce. Amma masu ɗaure miki, da masu allura, da masu dafa abinci, waɗanda da yawansu su ma majinyata ne da suka warke, su ne suke kwana da marasa lafiya. Haka kuma masu bishara da suka taso daga Tangale da Kagoro da sauran wurare, suka zauna cikin Maguzawa a wajajen Karaye da Gani da Roni. Mahaifina yana cikin irinsu. Gona yake yi da damina kamar kowa, kekensa ɗaya, rigar Lahadinsa ɗaya. Mahaifiyata da matan Zumunta suna ɗiban hatsi tafi guda duk sa'ad da za su yi tuwo, su tara a tukunya domin masu bishara da suka fi mu nisa. Har yanzu in na ga Zumuntar Mata sun sa zane iri ɗaya, matar babban sakatare da matar mai gadi ba a bambanta su, nakan ce matan nan sun riga mu fahimtar wani abu.

Miƙa aikin kuwa a hankali aka yi shi. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda ta zama E.M.S., ikkilisiyoyi da kansu suke aike, suke kuma ciyarwa. A 1954 aka haɗu a Kagoro aka kafa E.C.W.A. Sai a 1976 S.I.M. ta danƙa sauran ayyukanta duka a hannun ikkilisiya. Shekara 22 ke nan tsakani. Waɗansu dattawa sukan ce Turawa sun yi jinkiri, sun riƙe maɓallin asusu fiye da kima, ina ganin da gaskiyarsu. Amma a ƙarshe sun miƙa, waɗansunsu ma sun zauna suna aiki a ƙarƙashin yaran da suka koya wa abacada. Cikin shekarun nan kuma gwamnati ta karɓi makarantu da asibitocin mishan da yawa, har da Yadakunya. Dokta Byang Kato, wanda ya zama babban sakataren E.C.W.A. a 1967, wanda kowa ya sa wa ido, ya rasu cikin teku a Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Duk da haka aikin bai tsaya ba, domin ba a kan mutum ɗaya aka aza shi ba. Asibitin ido yana nan a Mishan Rod, 'yan ƙasa suke riƙe da shi, Musulmi da Kirista suna bin layi ɗaya.

Yanzu bari in faɗi nawa. A ikkilisiyar da na riƙe kafin in zo nan, na yi shekara 9. Ni ne mai wa'azi, ni ne mai nazarin Littafi, ni nake sa hannu a kowace takarda, maɓallin ofis yana aljihuna ko ina barci. Ina ɗauka himma ce. Na karanta Fitowa sura 18 a makarantar tauhidi, na ci jarrabawa a kan shawarar da Yetro ya ba Musa ta ya raba nauyin shari'a ga amintattun mutane, na kuma yi wa'azi a kan Ayyukan Manzanni sura 6 ban san iyaka ba. Sai ciwo ya kwantar da ni wata 3. Wata gwauruwa da ikkilisiya ke biya wa kuɗin haya, aka fitar mata da kaya waje da damina, domin ni kaɗai na san da alkawarin, ban rubuta ba, ban gaya wa ko dattijo ɗaya ba. Na ce ina rufa mata asiri ne. Gaskiyar magana, ina son ta riƙa ganin daga hannuna taimakon yake fitowa. Kafin in tashi daga jinya ta kwashe 'ya'yanta ta koma ƙauye, babbar 'yarta ta bar makaranta a aji 5 na sakandare.

Da takardar canji ta zo mini shekara ta gaba, na yi fushi. Na ce wa matata, bayan duk wahalar da na sha, yaro za a kawo ya gaje ni? Ta ce, "Baban yara, wanda ka gada shi ma haka ya ce da kai." Ban yi mata magana ba har gari ya waye.

Ba na cewa kukan fastoci duk son kai ne. Mutum ya yi shekara 35 cikin gidan ikkilisiya, ranar ritaya ba shi da ko ɗaki ɗaya nasa, 'ya'ya suna makaranta, dole hannunsa ya yi nauyi wajen miƙa maɓalli. Wannan nauyin dattawa ne da na majalisar gunduma, da ku manyan ma'aikata da 'yan kasuwa na Nasarawa. In kuna so fasto ya sauka cikin mutunci, ku shirya masa inda zai sauka tun da sauran lokaci, ba ranar bikin sallama da agogon bango da turmin atamfa ba. Mu kuma fastoci, kowa ya tambayi kansa: in na kwanta gobe, wa ya san inda littafin asusu yake, wa ya san gidajen gwauraye, wa na bar wa bagade ko sau ɗaya a wata?

Tsohon faston da na fara aiki a ƙarƙashinsa, ranar da zai tafi ya kira ni ofis, ya ajiye maɓallai a kan tebur tare da wani tsohon littafin rubutu. A ciki ya rubuta kowane gida na ikkilisiya, da wanda ke fama da ciwo, da waɗanda ba sa ga maciji da juna, da wanda bai kamata a tambaye shi baiko a gaban mutane ba. Ya ce in na ga kuskure in gyara. Washegari motar itace ta kwashi kayansa zuwa garinsu. Bara na kai masa ziyara, na same shi a bakin gona, idonsa ya yi rauni. Yana koyar da ajin masu shirin baftisma a ƙarƙashin wani fasto sa'an jikansa, in zai yi maganarsa kuwa sai ya ce "fastonmu". Ya tambaye ni ko littafin yana nan. Na ce yana nan, na sayi sabo na kwafe, na ba dattawa biyu su ma su riƙe. Ya ce to, sa'an nan ya sa aka kawo mana kunu.