Hanyoyin adana attarugu da barkono a ƙasar Kano

Attarugu da barkono da tattasai na daga cikin kayan miyar da tukunyar Bahaushe ba ta rabuwa da su, amma kuma suna cikin amfanin gonar da ya fi saurin lalacewa bayan an tsinke shi.

A ƙaramar hukumar Ungogo da ke arewacin birnin Kano, wadda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane 369,657, matsalar ta shafi masu noman lambu da kuma magidanta na unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa, waɗanda ke sayen cefane a kullum.

Idan amfanin noman rani ya shigo, kaya kan cika kasuwar 'Yankaba har farashi ya faɗi warwas. Da zarar damina ta kama kuwa, sai ɗanyen attarugu ya yi wuya, kamar yadda aka gani a tsakiyar shekarar 2024, lokacin da farashinsa da na tumatir suka yi tashin gwauron zabi a faɗin Najeriya.

Saboda haka wanda ya iya adana shi lokacin araha, shi ke da riba lokacin tsada.

Asali da ire-irensa

Asalin barkono daga nahiyar Amurka ne. Bayan tafiyar Christopher Columbus ta shekarar 1492, 'yan kasuwar Portugal suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya.

A ƙasar Hausa an fi sanin attarugu mai ƙamshi da zafi, da tattasai mai kaurin ɓawo da ƙarancin yaji, da shambo mai tsawo, sai kuma ƙananan barkono da akasari ake busarwa.

Wani sinadari ne da ake kira kafsaisin ke kawo zafin, kuma ya fi taruwa a farin naman ciki da 'ya'yan ke manne da shi. Sanyi ko shanya ba sa kawar da shi, shi ya sa busasshen barkono ke riƙe yajinsa.

Abin da ke lalata shi

Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen attarugu ruwa ne. Bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi yana zubar da wannan ruwa, kuma zafi na ƙara saurin hakan.

A Kano, inda zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin salshiyas a watan Afrilu, attarugun da aka bari a fili kan yanƙwane cikin 'yan kwanaki.

Abu na biyu shi ne rauni. Wanda aka danne a ƙasan buhu, ko aka fizge masa hanci, yakan buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, sai ya ruɓe ya kuma shafa wa na kusa da shi.

Don haka matakin farko a kowace irin ajiya shi ne a zauna a tsince, a ware masu tabo da masu laushi a yi miya da su nan take.

Ajiya a firiji

Masana harkar adana amfanin gona sun ce sanyin da ya fi dacewa da ɗanyen attarugu da tattasai shi ne tsakanin digiri 7 zuwa 10. A irin wannan yanayi sukan kai mako uku ko fiye ba su sauya ba.

Sai dai firijin gida yakan tsaya ne a wajen digiri 4 zuwa 5, wanda ya ɗan yi musu yawa. Idan suka daɗe a haka, ɓawon kan yi ƙananan ramuka, 'ya'yan ciki su yi baƙi. Ɗanyen kore ya fi jan da ya nuna saurin nuna wannan illa.

Wannan ne ya sa ake ba da shawarar a sa su a aljihun ƙasa na firiji, wanda aka keɓe wa kayan lambu, a kuma yi amfani da su cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Ba a so a wanke su kafin a ajiye, domin danshin da ya kwanta a jikinsu shi ke jawo ruɓa. Idan kuwa an wanke, sai a baza su a faifai su sha iska sosai.

Haka kuma ya kamata a bar musu hancinsu, a zuba su a jakar takarda ko a leda mai 'yan huji. Ledar da aka ɗaure tamau takan yi gumi daga ciki.

Mai son ajiya ta watanni sai ya koma ga firiza. A nan akan wanke, a tsane, a cire hanci, a ƙulla daidai na miya ɗaya a kowace leda. Attarugun zai yi laushi idan ya narke, amma yaji da ƙamshinsa na nan.

Babban cikas shi ne rashin tsayayyar wutar lantarki. Firijin da ba a buɗe ba kan riƙe sanyinsa na kimanin sa'o'i 4 bayan ɗaukewar wuta, firiza cikakkiya kuma ta kai kwana biyu. Kayan da suka narke suka sake daskarewa sau da yawa sukan yi ruwa su canza wari, musamman markaɗaɗɗu.

Tukunya cikin tukunya

Ga gidajen da ba su da wuta, akwai dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka a shekarun 1990, wadda ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kaya a ta ciki, sannan a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, sai ya tafi da zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha.

A gwajin da ya yi, tumatir da tattasai sun kai mako uku, gauta kuma ta yi kwana 27 maimakon uku.

Ana buƙatar a riƙa ƙara ruwa safe da yamma, a kuma ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dabarar ta fi aiki da hunturu da bazara, lokacin da iska ke bushe. Da damina ƙarfinta kan ragu.

Cibiyar binciken adana amfanin gona ta Najeriya, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano, ita ma ta daɗe tana koyar da irin wannan sanyaya kaya ta hanyar bushewar ruwa.

Shanya

Har yanzu shanya ce hanyar da manoma suka fi dogara da ita. Ƙananan barkono akan baza su ɗungum, tattasai da attarugu kuma a tsaga su domin su yi saurin bushewa.

Alamar ya bushe ita ce ya karye idan an lanƙwasa shi, 'ya'yan ciki kuma su riƙa ƙara idan an girgiza.

Haɗarin yana ga wanda aka ɗure a buhu da sauran danshi. Irin wannan kan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar na fitar da gubar aflatoksin, wadda likitoci suka tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta. Dahuwa ba ta kashe wannan guba, don haka barkonon da ya yi fumfuna zubarwa ake yi, ba a daka shi a yaji.

Masana na gargaɗi a kan shanya a ƙasa ko a gefen titi, inda ƙura da hayaƙin mota da dabbobi ke gurɓata kaya. Sun fi son a shimfiɗa tabarma ko tamfol mai tsabta a kan wani abu mai tudu, a kwashe da yamma kafin raɓa ta sauka.

Busasshen barkonon da aka ɗora a kan katako, nesa da bango da danshin ƙasa, yakan kai wata kakar, ya ba manomi damar jiran farashi ya gyaru kafin ya kai kasuwa.