Karatun dokta a fannin koyar da ƙididdiga

Ku da kuke koyon karatu da rubutu, kun saba jin alƙaluma a rediyo. Ana cewa ruwan bana ya kai milimita kaza, ko kuma kashi kaza cikin ɗari na yara sun samu rigakafi. Ilimin tattara irin waɗannan alƙaluma, da tsara su, da fitar da ma'ana daga cikinsu, shi ake kira ƙididdiga. A Nijar, hukumar INS da aka kafa a 2004 ita ke ɗauke da wannan nauyi. Ita ce ta gudanar da ƙidayar jama'a ta 2012, wadda ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai.

Sanin ƙididdiga daban, iya koyar da ita daban. Akwai masana waɗanda aikinsu shi ne su gano yadda mutum yake fahimtar alƙaluma, da wurin da yake yin kuskure, da hanyar da malami zai bi ya fid da shi daga kuskuren. Wanda yake so ya zama irin wannan masani sai ya yi karatun dokta a fannin koyar da ƙididdiga.

Kada sunan ya ruɗe ku: ba likitan asibiti ake nufi ba. Dokta ita ce takardar shaida mafi girma da jami'a take bayarwa. Ba a samun ta da hadda. Ana ba da ita ga wanda ya yi bincike na kansa, ya kawo wani sani da ba a da shi a da.

Mi ake bincike a kai?

Ga misali. Manoma biyar sun yi girbin gero. Na farko ya samu dami 10, na biyu 12, na uku 11, na huɗu 9, na biyar kuwa mai babbar gona ya samu 58. In an haɗa, dami 100 ke nan. In an raba biyar, kowa ya tashi da 20. Wannan 20 ita ake kira matsakaici. Lissafin daidai yake, amma ku duba da kyau: huɗu daga cikin biyar ɗin, babu wanda ya kusanci dami 20. Wanda ya kai rahoto cewa manomin garin yana samun dami 20 bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye yunwar gida huɗu, kuma ana iya tsallake garin ranar rabon taimako. Da an jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba an ɗauki na tsakiya, da an samu 11, wanda ya fi kusa da halin da mutanen suke ciki.

Ɗalibai da yawa sun iya haɗawa da rabawa, amma ba su san lokacin da matsakaici yake yaudara ba. Mai bincike yana zama da su, yana ba su tambayoyi, yana sauraron yadda suke tunani, har ya gano inda igiyar ta tsinke.

Har yadda ake faɗin alƙaluma yana da tasiri. A 1995, masana biyu Jamusawa, Gerd Gigerenzer da Ulrich Hoffrage, sun nuna cewa mutane sun fi warware lissafin yiwuwar abu in an ce musu "mutum 10 cikin 1000", maimakon "kashi 1 cikin ɗari". Adadin ɗaya ne, amma hankali ya fi kama na farko. Wannan sani yana da amfani ga malamin asibiti mai bayyana sakamakon awon jini, da kuma malamin ajinku.

Fannin bai daɗe ba. Babban taron duniya na masu koyar da ƙididdiga, wanda ake kira ICOTS, an fara shi a 1982 a garin Shafil na Ingila, ana kuma yin shi duk shekara huɗu. An yi shi a Marakesh ta Maroko a 1994, da birnin Kef na Afirka ta Kudu a 2002. Ƙungiyarsu, IASE, an kafa ta a 1991, kuma tun 2002 take da mujallar bincike mai suna SERJ, wadda ake karantawa kyauta a intanet.

Hanyar da ake bi

In ɗanku ko ɗiyarku na da wannan buri, ga matakan. Bayan bak, shekara 3 ta lisans, sannan shekara 2 ta masta, sannan shekara 3 ta dokta. Haka tsarin yake a takarda, amma ɗalibai da yawa suna wuce shekara ukun nan. Ana iya soma karatun jami'a a gida: a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko a jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010. Akwai kuma manyan makarantun ƙididdiga da ake shiga ta hanyar gasa, wato ENSEA a Abijan, ISSEA a Yawunde da ENSAE a Dakar. Ɗalibi na bukatar ƙafa biyu: ya ƙware a lissafi da ƙididdiga, ya kuma san aji. Wanda ya taɓa riƙe alli ya fi sanin inda matsala take.

Jami'o'in da suke da sashe mai wannan suna sosai ba su da yawa. Jami'ar Minesota ta Amurka ta buɗe irinsa a farkon shekarun 2000 a ƙarƙashin Joan Garfield. A jami'ar Giranada ta Sipaniya, Carmen Batanero ta horar da ɗalibai da dama a sashen koyar da lissafi. A ƙasashe masu aiki da Faransanci ma, galibi a sashen koyar da lissafi ko na ilimin tarbiyya ake yin irin wannan bincike. Saboda haka abin nema na farko shi ne malamin da zai yarda ya jagoranci aikin. A ganinmu, nan ne zaɓi mafi nauyi. Malamin da ba shi da lokacin karanta abin da ɗalibi ya rubuta yana iya ci masa shekaru, komi girman sunansa.

Da an samu jagora, sai a tsai da tambaya guda, ƙarama, wadda ake iya amsawa. "Yaya za a gyara ilimi?" ta yi faɗi. "Yaya manya masu koyon karatu suke fahimtar kashi cikin ɗari in an bayyana musu da tiya da buhu?" wannan tana bincikuwa. Sannan ɗalibi ya karanta abin da na gabansa suka rubuta. Mafi yawansa da Ingilishi yake, don haka wanda ya yi lakwal da Faransanci ya soma koyon Ingilishi tun da wuri.

Sai shiga aji. A nan akwai tarko. In an gwada sabuwar hanyar koyarwa a aji guda kuma ɗalibai suka ci, ba a hanzarin cewa hanyar ce ta yi aiki. Wataƙila malamin ne gwani, ko kuma ɗaliban dama sun fi ƙoƙari. Dole a gwada su kafin darasi da bayansa, a kuma kwatanta su da wani aji mai kama da nasu. A ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundinsa, ya tsaya gaban kwamitin malamai a bainar jama'a ya kare shi.

Batun kuɗi ba na wasa ba ne: rajista, littattafai, tafiye-tafiye, ga iyali. Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati. A nemi bayani a can, da kuma wurin jami'ar da ake so, tun ana cikin masta. Wanda ya gama yana iya koyarwa a jami'a, ko horar da malamai, ko tsara littattafan makaranta.

Akwai aiki da ke jiran Bahaushen mai bincike. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Kalmar "matsakaici" tana iya nufin 20 ɗin nan na misalinmu, tana kuma iya nufin 11. Wace kalma za a ba kowane, yadda manomi ba zai ruɗe ba? Sai an gwada da masu koyo irinku.

Saboda haka wata rana mai bincike yana iya zuwa cibiyarku. Ku tambaye shi daga wace jami'a ya fito, da abin da zai yi da amsoshinku. Wajibi ne ya nemi yardarku, ya kuma ɓoye sunayenku. Kuna da ikon ƙi, ko ku janye a tsakiya. In kun yarda, kada ku ji kunyar amsar da ba daidai ba, domin ita ce yake nema ya fahimta. Ku roƙe shi ya dawo ya gaya muku abin da ya gano, da Hausa.