Rumbun Zuciya: Tarihin Wata Koyarwa Daga Indiya

A nan Ikko, in macuci ya gamu da gamonsa sai ka ji mutane suna cewa karma ce ta kama shi. Na daɗe ina jin kalmar a kasuwar Mile 12, inda nake taya Baba sayar da albasa, har wata rana na ce bari in bi asalinta. Ashe tarihi ne mai tsawo, kuma ba ramuwar gayya kalmar ke nufi ba.

A tsohuwar Indiya, karma na nufin aiki, musamman hadayar da limaman addinin gargajiya ke yi. Sai ga Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yanzu kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ya ce niyyar da mutum ya ƙulla a zuci ita ce ainihin karma, aikin hannu da na baki kuwa 'ya'yanta ne.

Daga nan mabiyansa suka shiga wata matsala. Tunda sun ce tunani zuwa yake yi ya wuce, to ina niyyar bara take ajiye har ta yi tasiri bana? A tsakanin ƙarni na 4 da na 5, wasu 'yan'uwa biyu daga garin Peshawar na Pakistan ta yau, Asanga da Vasubandhu, suka tsara amsar mazhabarsu ta Yogacara. Suka ce a can ƙasan zuciya akwai wani ma'aji kamar rumbu. Duk niyyar da ka ƙulla iri ce ka zuba a ciki, in ta tsiro kuma ita ke rina yadda kake ganin duniya. Misalin da malamansu ke bugawa shi ne kogi: mutum ruwan sha yake gani, kifi gida yake gani, mayunwatan fatalwowi kuwa ruwan mugunya suke gani, alhali kogin ɗaya ne.

Wannan koyarwa ce ta taso da wani malamin Sin, Shuwanzang, a shekarar 629. Ya keta hamada da duwatsu har ya isa makarantar Nalanda a Indiya, ya yi karatu a gaban Shilabhadra, sannan ya koma gida a 645 da littattafai 657, ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana fassara. Daga Sin karatun ya haye Japan, inda har yau mazhabar Hosso ke da manyan wuraren ibada a birnin Nara.

To, mai karatu, me ya haɗa ɗan mai albasa da wannan? Ni Musulmi ne, ban yarda da batunsu na mutuwa da sake haihuwa ba. Amma zancen rumbun ya taɓa ni. Shekara uku da suka wuce wata mata ta ɗauki buhu biyar bashi ta ɓace. Tun daga ranar, duk wadda ta tsaya gaban rumfarmu tana Yarabanci sai in ga ɓarauniya, ina ɗaure fuska, har tsofaffin abokan cinikinmu suka fara tsallake mu. Baba ne ya lura, ya ce, "Kai yaro, mace ɗaya ta cuce ka, ka hukunta gari guda?"

Sai na tuna yadda nake jin zafi in an kira ni aboki da raini, ko aka dube ni kamar ɗan ta'adda saboda hular kaina. Shi ma mai wannan kallon wani iri ne ya tsiro a rumbunsa. Ba ni da iko da nasa, amma nawa a hannuna yake, kuma abin da ka shuka shi za ka girba. Allah Ya sa mu dace, amin.