Murar Tsuntsaye: Yadda Ƙwayar Cutar Ke Hayayyafa a Jikin Kaza

Ƙwayar da ke kawo murar tsuntsaye bairos ce, kuma ba ta iya hayayyafa da kanta. Tana iya daɗewa a kashin kaji, ruwan sha ko jikin buhu, musamman lokacin sanyi, amma ba ta ƙaruwa sai ta shiga jikin tsuntsu ko wata dabba mai rai. An fara tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a Najeriya a Fabrairun 2006, a jihar Kaduna. Cikin watan aka same shi a Magarya ta Nijar.

Yadda take kwafar kanta

Bayanin gadonta yana kan zare takwas da masana ke kira RNA. Idan ta manne a maƙogwaro ko hanjin kazarka, sai ta kutsa cikin ƙwayar halitta, ta kai zaren har cibiyarta. A can take aiki biyu. Na farko, tana aika umarni a ƙera mata sassan jikinta. Da yake jikin kaza ba ya aiki da saƙon da ba hatimi, sai ta guntule hatimin saƙonnin kazar, ta liƙa wa nata. Na biyu, tana kwafar zaren takwas ɗin sau da yawa. Cikin 'yan sa'o'i sabbin ƙwayoyi sun fito, sun kama na kusa.

Dalilin da take sauya kama

Sinadarin da ke yin kwafin ba ya gyara kuskure, don haka kowane kwafi dama ce ta canji. Haka kuma idan nau'i biyu suka haɗu a tsuntsu ɗaya, suna iya musayar zare, a samu sabon nau'i. Agwagi sukan ɗauki cutar ba tare da sun nuna alama ba.

Abin da za ka yi

Raba kaji da agwagi, zabi da talotalo, ka hana tsuntsayen daji shan ruwansu. Sabuwar kaza daga kasuwa, ka ware ta aƙalla mako biyu. Kada ka ɓata kuɗi kan maganin kashe bakteriya, ba ya taɓa bairos. In kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada ka yanka, kada ka sayar, kada ka taɓa da hannu tsirara. Sanar da likitan dabbobi nan take, ka kuma gaya wa 'yan ƙungiyarku. Rigakafi ya fi magani.